Allura Ba Ta Neman Biza: Abubuwan Mamaki 17 Kan Adon Riga Daga Jibiya Zuwa Hamada

A Magama ta Jibiya, inda motocin Katsina ke tsayawa kafin su nufi Ɗan Isa da Maraɗi, manyan riguna ba sa yankewa. Ga ta alhajin da zai je ɗaurin aure Tibiri, ga ta ɗan kasuwar da ya taso daga Kantin Kwari, ga ta malamin da ke komawa Madarunfa. Jami'in iyaka takardu da kaya yake dubawa. Da zai tsaya ya dubi ƙirjin rigunan, da ya ga sun fi masu su yawon duniya. Zaren, launin, zanen, har allurar da aka yi aikin da ita, kowanne da hanyar da ya biyo ya iso.

1. Riga ta girmi iyaka

Tsakanin 1906 da 1908 ne Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamun da suka raba Najeriya da Nijar. Kafin nan, abin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi daji ne da gaba irin ta 'yan gida ɗaya, ba shingen kwastan ba. Bayan mayaƙan jihadi sun ci Birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, ɗayansu, Ɗan Kasawa, ya zauna Maraɗi wajen 1819, kuma har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar garin. Shi ya sa ranar hawan salla, rawani da alkyabba da babbar rigar fadar Maraɗi da ta Katsina duk tsari ɗaya ne.

2. Riga ɗaya, hannaye bakwai

A ƙarni na 19 babu mutum guda da ke iya cewa shi ya yi babbar riga. Mace ce ke gurzar auduga ta kaɗa zare. Masaƙi ya yi saƙa siririya, faɗinta bai wuce yatsu biyu ko uku ba. Maɗinki ya jera su gomiya-gomiya ya haɗe. Idan ta baba ce, a kai marina. Sai mai zane ya fitar da fasalin adon, mai aiki ya zauna da allura wata da watanni, a ƙarshe a kai mabuga a daka ta da itace har ta yi sheƙi. Waɗannan mutane ba lallai su zauna gari ɗaya ba. Masaniyar tarihi Colleen Kriger ta nuna yadda rigunan Daular Sakkwato ke haɗa aikin Hausawa da Nufawa da Yarbawan Ilori. Girken Nupe, wato rigar da aka yi a wajajen Bida, ita ce abin alfaharin attajiran Kano na wancan zamani.

3. Mai zanen riga malami ne

Galibin masu zana ado a kan riga a da, malamai ne da manyan almajirai. Alƙalamin kara da tawadar da suke rubuta allo da su, da su suke zana ƙirjin riga, ba tare da ma'auni ba, sai ido da sabo. Hannun da ya saba zayyanar allon sauka ba ya shan wahalar fitar da da'ira. Gardi kuwa matafiyi ne: rani ya same shi Zariya, wani ranin Damagaram ko Borno, yana ɗinki yana ciyar da kansa yana karatu. Duk garin da ya sauka sai ya bar wani salo, ya kuma ɗauki wani. Tafiya mabuɗin ilimi, kuma ita ce ta zama mabuɗin ado.

4. Akwai wuƙaƙe da ganga a ƙirjinka

Dubi tsohuwar riga ta aikin hannu. Dogayen tsinin nan da ke gangarowa daga wuya zuwa kan aljihu, ta hagun mai riga, su ne aska. Idan biyu ne, aska biyu; idan aikin ya cika, aska takwas. Da'irar da ke nannaɗe ta dama, wadda ake maimaita ta a baya, ita ce tambari, sunan gangar da ba a buga wa kowa sai sarki. Akwai kuma gidan biyar, ɗan murabba'in da masana da yawa ke dangantawa da hatimin da malamai ke zanawa don tsari. Mai ɗinkin Hausa ba ya zana dutse ko kogi yadda ido ke ganinsu. Yakan ɗauki abin da ya gani a fada ko kasuwa ko makaranta, ya rage shi ya koma layi da kusurwa, sunan kaɗai ya rage ya tuna maka asalinsa.

5. Silikin da ke tsirowa a kan tsamiya

Ƙasar Hausa na da silikinta tun kafin na kanti. Wata tsutsa ce ke cin ganyen tsamiya, su taru da yawa su saƙa gida ɗaya babba. A ɗebo gidan, a dafa shi da ruwan toka har danƙonsa ya saki, a wanke, a shanya, mata su kaɗa shi yadda suke kaɗa auduga. Zaren yakan fito da launin ƙasa-ƙasa mai haske, ga ƙarfi, kuma ba ya son rini, don haka aka fi barinsa da launinsa na asali. Da shi ake aikin manyan riguna, kuma rigar da aka saƙa da shi ita ce rigar tsamiya. Yarbawa ma na da irinsa, shi ne sanyan da suke sakawa a manyan bukukuwa.

6. Sharar masaƙun Turai ta zama adon sarakuna

Jan silikin nan mai ɗaukar ido da ake yi wa tsofaffin riguna shafi da shi, ko a ratsa shi cikin saƙar barage, shi ne alharini. Asalinsa ragowar siliki ne da masaƙun Faransa da Italiya suka rage. A tsallaka da shi Bahar Rum, a rina shi ja, fataken Gadamas su ɗora wa raƙuma daga Tarabulus, ya yi watanni a hamada kafin ya sauka Katsina da Kano. Abin da aka share daga ƙasan masaƙa a can, nan sai mai hali ke ganinsa a bakin rigarsa. Bai tsaya nan ba, ya gangara har ƙasar Yarbawa, inda jan tufafin alaari ya samo asali.

7. Baturen da aka yi wa sarautar allura

Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya biyo ta Tasawa da Gazawa ya shigo Katsina a farkon 1851, sannan ya wuce Kano. A lissafin kayan da ya ga ayari na kawowa akwai takubban Solingen da allurai da ƙananan madubai daga Nuremberg. Shi kansa allura ce guzurinsa: da ita yake sayen kaza da hatsi, da ita yake kyauta. Da ya isa Bagarmi a 1852, yawan rabon allurar da yake yi ya sa mutanen ƙasar suka laƙaba masa sarkin allura. Bai koma gida hannu sake ba, domin ya sayi rigar saƙi mai zanen zabo, ya kuma sa hotonta a littafin tafiyarsa.

8. Hanyar Tambutu ta bi ta Libiya

Barth ya rubuta wani abin da ke ɗaure kai. Tufafin Kano da ake sayarwa Tambutu, maimakon su miƙe yamma, sai su yi arewa har Gat, wasu har Gadamas, sannan su karkato ta Tuwat su gangaro. Rashin tsaron hanyar kai tsaye ne ya jawo wannan zagaye, kuma duk da haka fatake na cin riba. Turkuɗin Kura ma matafiyi ne. Saƙa ce siririya ƙwarai, a tsoma ta a baba sau da yawa, a buga mata shuni har ta yi walƙiya, sannan ta bi ta Katsina da Maraɗi ko ta Damagaram zuwa Agadas. Shunin yakan zauna a fatar mai rawanin. Laƙabin shuɗɗan mutane da Turawa ke yi wa Abzinawa, a marinar ƙasar Kano aka dama shi.

9. Dagi na da 'yan'uwa a nesa

Dagin da Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka tambari a zamanin Sardauna Ahmadu Bello ya daɗe a kan riguna da wandunan buje da kayan doki. Abin mamaki, ƙulli mai kama da shi, wanda ba a gane farkonsa balle ƙarshensa, yana nan a daɓen gine-ginen Rumawa na kusan shekara 2,000, inda Turawa ke kiransa ƙullin Sulaimanu. Yana cikin sassaƙa da aikin duwatsun ado na Yarbawa. Yana kuma cikin adon kaba na mutanen Kuba a tsakiyar Kwango, waɗanda matansu ke ɗinka shi da allura.

10. Daga ƙirji zuwa bango

Shiga unguwar Birni a Damagaram ko cikin birnin Zariya, ka dubi fuskar tsofaffin zaure. Dagi da aska da da'irar da ke jikin riga, su ne magina suka kwafa da laka da makuba. Da zamani ya juya a tsakiyar ƙarni na 20, sai ga keke da mota da agogo da jirgin sama sun hau bango tare da su. Mai gida na shaida wa unguwa abin da ya mallaka ko inda ya je, ba tare da ya buɗe baki ba.

11. Hula biyu, hanya biyu

Hular zanna daga gabas ta zo. Ana danganta sunanta da Zanna Bukar Dipcharima na Borno, minista a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bama ce ta yi suna wajen ɗinkinta, kuma mai kyau takan ci makonni ana yi mata huji ɗaya bayan ɗaya. Da Boko Haram ta kama Bama a 2014, waɗanda suka tsere sun tafi da sana'arsu a hannu, ɗinkin hula ya zama abin ci da kai a sansanonin Maiduguri.

Jar dara kuwa daga arewa take. A tsohuwar kasuwar birnin Tunis ake yin ta asali: a saƙa ta da ulu ƙatuwa, a jiƙa a daka har ta tsuke ta yi kauri, sannan a rina ta. Musulmin Andalus da aka kora daga Sifen a ƙarni na 17 ne suka bunƙasa sana'ar a can, kuma har yau Najeriya da Nijar na cikin manyan masu sayenta.

12. Taswirar makiyaya

Idan ana neman masu ɗinka tafiyarsu a jikin tufa, to Fulanin Woɗaɓe ne, waɗanda ke kiwo daga wajajen Dakwaro a jihar Maraɗi har Ingal. Baƙar saƙa ta baba suke saye a hannun Hausawa, matansu su cika ta da layuka na zare ja da rawaya da kore da fari. Zanen na da sunaye daga rayuwar ruga: tauraro, hanya mai lanƙwasa, dangwalin da ake ɗaure maruƙa. Mace na iya shafe watanni tana yi wa saurayi ko ɗan'uwa rigar da zai sa a rawar Gerewol bayan damina. Duk abin da hanya ta ba su yana iya shiga ado, daga wuri da madubi har zif da makulli.

13. Kowane gari da nasa zane

Maƙeran Abzinawa na da sarƙar azurfa da aka fi sani da ta Agadas, wadda suke fara siffantawa da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su narkar da kakin su zuba azurfa a gurbinsa. A jerin da aka saba nunawa akwai iri 21, kowanne da sunan gari ko yanki: Agadas, Tawa, Damagaram, Ingal, Bilma, Madawa da sauransu. Yau telolin Yamai da Maraɗi sun sauke wannan zane daga azurfa zuwa zare. In ka ga shi a wuyan kaftani a tashar Jibiya, da wuya ka yi kuskuren ɓangaren da aka ɗinka shi.

14. Akuya mai ƙasa biyu

Ba tufa kaɗai ake yi wa aikin allura ba. Dukawa na yi wa takalma da jakunkuna da titimi da kayan doki. Fatar da suka fi so ta jar akuya ce, wadda a Najeriya ake kira jar akuyar Sakkwato, a Nijar kuma jar akuyar Maraɗi, alhali dabba ɗaya ce. Shekaru aru-aru ana jeme fatarta a nan, raƙuma su kai ta gaɓar Afirka ta Arewa, Turawa su saya su yi bangon littattafai masu tsada. Da yake a can suka same ta, sai suka sa mata suna fatar Maroko. Wahala ta majemin Hausa, suna na wani.

15. Shaddarka ta fi ka biza

Shaddar Getzner da ake ji da ita, a Bludenz ake saƙa ta, wani ƙaramin gari cikin duwatsun Ostiriya, a kamfanin da aka kafa tun 1818. Wata farar sai ta sauka Bamako, mata su rina ta, a sa mata ƙaro, samari su buge ta da manyan itatuwa, ta fito a matsayin galila. Hanyar shigowarta ma labari ce. Tun daga shekarun 1970 Najeriya ta sha hana shigo da yadi don kare masaƙun Kaduna da Kano. Sai kaya suka riƙa sauka tashar jirgin ruwan Kwatano, su hau mota zuwa Maraɗi, daga nan su san yadda suka tsallako. Wannan ciniki na cikin abin da ya ɗaga manyan 'yan kasuwar garin, har Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kan alhazan Maraɗi a 1986. Kudu ma babbar riga ta yi nisa: Sarki Njoya na Bamun a Kamaru ya rungumi shigar Hausa a fadarsa ta Fumban, kuma a zangon Kumasi aikin allurar Hausawa ya hau kan rigar batakari ta arewacin Gana.

16. Sana'ar maza ta koma cikin gida

David Heathcote, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi masu aikin riga gari-gari. A 1972 ya wallafa maƙala a kan wani maɗinkin Katsina, a 1976 ya shirya baje kolin fasahar Hausa a Landan, a 1979 ya kammala digirinsa na uku a kan adon tufafin Hausa. A lokacinsa aikin babbar riga na maza ne, a zaure ko gindin bishiya. Ba a jima ba sai keke ya janye maza da yawa. Wannan keken surfani, Bafaranshe Antoine Bonnaz ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1860, kamfanin Cornely na Faris ya yaɗa shi duniya. Yanzu ga na kwamfuta da ke gama wuyan riga kafin a sha shayi. Allurar da maza suka ajiye, matan birnin Zariya suka ɗauka a cikin gidajensu. A 1994 wasunsu suka kafa ƙungiyar Queen Amina Embroiderers, kuma aikinsu ya kai har kasuwar fasahar gargajiya ta Santa Fe a Amurka, aska da tambari sun koma kan matasan kai da rigunan mata.

17. Ƙofa na rufuwa, salla ba ta jira

An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a watan Agustan 2019, kuma ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Duk tsawon lokacin ba a fasa aure tsakanin Jibiya da Maraɗi ba, ba a fasa ɗinkin angwaye ba. Tsada ce ta ƙaru, hanya ta ƙara tsawo. Ga kuma layin dogo mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kusan sawun da fatake suka bi da jakuna.

Kafin jirgin ya iso, ga abin da mai saye zai iya yi a kasuwar Jibiya ko ta Maraɗi. Juya rigar ka dubi cikinta. Aikin keke yakan fito sumul, da zaren ƙasa a shimfiɗe ko'ina, wani lokaci da takardar da aka manna don ta riƙe yadin. Aikin hannu kuwa za ka ga ƙananan ƙulli inda zare ya ƙare aka ɗaura wani, kuma hujin ba sa zama daidai wa daida. In ka samu irin wannan, kada ka tsaya kan nawa ne kawai. Ka tambayi mai kaya sunan zanen da garin da aka yi shi. Dillalin da aka saba yi wa wannan tambaya dole ya riƙa yi wa maɗinki ita, kuma maɗinkin da aka san garinsa da sunan aikinsa ba a taya masa wata uku na zaman allura da kuɗin aikin keke.